Tankin man kwale-kwalenmu yana yoyo, a ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Daura nake. Baba yana su a dam ɗin Sabke da kwale-kwale mai injin Yamaha, ni ke kula masa da injin tunda ƙafa ta fara damunsa.

Tankin man na ƙarfe ne, tsatsa ta ci gindinsa ta wajen haɗi. Da asuba sai ka tarar fetur ya kwanta a kan ruwan cikin jirgin yana ƙyalli, kifin ma har wari yake ɗauka, masu saye sun fara ƙorafi. Na shafa sabulu, kwana biyu ya riƙe. Na sa gam, fetur ya cinye shi. Mai walda ya ce ko an juye man tas, tururin da ya rage zai iya fashewa, kuma ban ga laifinsa ba.

Na samo tankin roba, amma kan tiyon injin bai shiga bakinsa ba. Ana canza kan ne, ko dole sai tankin kamfaninsu? Wani ya ce in huda jarka in zura tiyo, hankalina bai kwanta ba tunda ba ta da mashaƙar iska. Wanda ya taɓa canzawa, don Allah a Katsina ake samu ko sai Kano? Kwana tara ke nan Baba bai shiga ruwa ba.