Tsagewar bango a lokacin rani: shawarwarin magina da masu gidaje

Duk wanda ya yi gini a kan baƙar laka, irin ta yankin Numan da Dikwa, ya san halinta: da rani ta bushe ta dare har hannu ya shige, da damina ta sha ruwa ta kumbura. Wannan motsin ne ke wahalar da harsashin gida.

Abin da aka fi nanatawa shi ne kada a bar ƙasar ta bushe ƙayau. A riƙa yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan da yamma, kamar kamu ɗaya daga jikin bango, a kewaye gidan duka. Jiƙa gefe guda kawai ya fi rashin jiƙawa illa. Inda ruwa ke tsada, magina sun fi son a zuba daɓen siminti mai faɗin mita ɗaya zagaye da gini, kuma ni ma wannan na fi amincewa da shi.

Batun dasa darbejiya kusa da gida ya jawo gardama. Inuwarta ni'ima ce, amma saiwarta na zuƙe damshin ƙasa, don haka a dasa ta nesa.

Idan tsaga ta fito, a yi mata alama da fensir, a rubuta kwanan wata. Tana ƙara buɗewa, ko ƙofa ta fara cijewa, a kira injiniya kafin a shafe ta da siminti.