Muhawara: In manhaja ta ce "an kai kaya", mai sayarwa ya fita ke nan?

Alhaji: Assalamu alaikum jama'a. Zan faɗi wata magana, na kuma san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A ganina, duk ranar da lambar bibiya, wato lambar da kamfanin aike ke bayarwa don a riƙa duba inda kaya yake, ta nuna an kai kaya, mai sayarwa ya sauke nauyin da ke kansa. Ya ɗaure kaya, ya manna adireshin da mai saye ya rubuta da kansa, ya biya kamfanin aike, kamfanin ya ce ya kai. To me ya rage masa? In an ɗauke a bakin ƙofa, ai ɓarawon mai saye ne, ba nawa ba. Wannan tsarin da kasuwannin intanet ke tinƙaho da shi na kare mai saye ya zama ƙofar cutar masu sayarwa. Mutum ya karɓi kaya ya ɓoye, ya ce bai gani ba, a ciro kuɗi daga asusunka a miƙa masa. Kaya nasa, kuɗi nasa.

Hajiya: Wa alaikumus salam. Alhaji, da girmanka, amma wannan karon ban bi ka ba. Ni kaya na saya, ban sayi rubutun da ke fitowa a waya ba. Kuma ba ni na zaɓi kamfanin aiken ba, kai ka zaɓa, galibi ma wanda ya fi arha. In ɗan aikenka ya yar da saƙo a hanya, ta yaya asarar za ta dawo kaina?

Alhaji: Ba ɗan aikena ba ne, Hajiya. Kamfani ne mai zaman kansa.

Hajiya: Wa ya biya shi? Sunan wa ke kan rasit?

Yaya Babba: Bari in ɗan sa baki, tun da na yi aikin rarraba kaya a baya. Alhaji, wannan "an kai" da kake riƙewa kamar hujjar kotu, ba komai ba ne illa maɓallin da direba ya danna a na'urarsa. Na'urar ba ta san hannun da kayan ya shiga ba. Akwai direban da lokaci zai ƙure masa, kaya sun yi masa yawa, sai ya danna an kai tun yana cikin mota, da nufin ya kawo gobe, goben kuma kwalin ya shige ƙarƙashin wasu. Akwai wanda zai ajiye a gida mai lamba iri ɗaya a wani layin. Akwai wanda zai miƙa wa duk wanda ya tarar a bakin ƙofa ba tare da ya tambayi suna ba. Hoton da ake ɗauka ma sau da yawa kwali ne kawai a jikin wata ƙofa, ba lambar gida, ba wata alama. Ban ce duk direbobi haka suke ba, akasarinsu suna kaiwa daidai. Amma abin da alamar ke tabbatarwa shi ne kaya ya bar mota. Inda ya sauka wata magana ce.

Alhaji: Na ji, Yaya. Amma su kansu kasuwannin ra'ayina suke bi. Je ka duba ƙa'idar kasuwar intanet ta eBay. In mai saye ya ce bai ga kaya ba, mai sayarwa ya kawo lambar bibiya da ke nuna an kai, da ranar da aka kai, da gari ko lambar yanki ta gidan waya da ta dace da adireshin odar, shi ke nan, a mafi yawan lokuta an rufe ƙara, mai sayarwa ya yi nasara. Sa hannu ma ba sa nema sai odar ta kai dala 750. Ko su ma ba su san abin da suke yi ba?

Barista: Alhaji ya faɗi daidai game da eBay, kada a ƙwace masa wannan. Sai dai ana haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Ƙa'idar kasuwa daban, doka daban. Kasuwa tana yanke ƙorafi masu ɗimbin yawa, ba ta da halin kiran shaidu, don haka ta nemi ma'aunin da kwamfuta za ta iya karantawa. Wannan sauƙin aikinta ne, ba hukuncin wanda ke da gaskiya ba.

Doka kuwa, a wurare da dama ta tsaya a gefen Hajiya. A Birtaniya, dokar haƙƙin masu saye ta 2015, sashe na 29, ta ce kaya yana nan a wuyan ɗan kasuwa har sai ya shiga hannun mai saye, ko hannun wanda mai sayen ya ambata ya karɓar masa. Hannu aka ce, ba bakin ƙofa ba. Tarayyar Turai ma haka ta tanada tun a dokarta ta 2011, sashe na 20. Togaciyar da aka yi guda ce: in mai saye ne ya nemo kamfanin aike da kansa, wanda ba ya cikin waɗanda ɗan kasuwan ya gabatar, to daga lokacin da aka miƙa wa kamfanin, asara ta koma kansa. Kun ga hikimar: tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wanda ya zaɓi mai ɗauka, shi ke ɗaukar abin da ya biyo baya.

Akwai kuma dalili na zahiri. Yarjejeniyar aike tsakanin kamfani ce da wanda ya aika. In Hajiya ta kira kamfanin ta nemi diyya, abin da za su ce mata shi ne ta koma wurin wanda ya turo. Mai sayarwa ne ke da rasit, shi ke da damar sa a yi bincike, shi ake biya diyya in an tabbatar kaya ya ɓace. In ka ce ya wanke hannunsa, ka bar asara a kan mutumin da ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Auta: Barista, ni da na sayi waya ta hannu a wurin wani mutum kawai, ba kamfani ba, dokar nan ta shafe ni?

Barista: A'a, ƙanena. Waɗancan dokokin tsakanin ɗan kasuwa ne da mai saye. In mutum ne ya sayar maka da tsohon kayansa, kariyarka ta fi dogara ga ƙa'idar kasuwar da hanyar da ka biya.

Auta: To ai nan ake yin ta. Alhaji, ka san dabarar da 'yan damfara ke yi da wannan ƙa'idar da kake yabo? Su karɓi kuɗinka, su aika ambulan da ba komai a ciki zuwa wani adireshi da ke yanki ɗaya da naka. Shafin bibiya gari da lambar yanki kawai yake nunawa, ba ya nuna lambar gida. Sai ya fito an kai, a garinku, ranar kaza. Kai ba ka ga komai ba, kasuwa kuma ta ce hujja ta cika. Wanda ya tsira sai wanda ya matsa wa kamfanin aike har suka ba shi takarda cewa adireshin da ke jikin saƙon ba nasa ba ne, ko nauyin saƙon bai kai na kayan da ya saya ba.

Alhaji: Wannan ɓarawo ne, Auta, ba ɗan kasuwa ba. Kada ka haɗa mu.

Auta: Ban haɗa ku ba, ranka ya daɗe. Amma ƙa'idar ba ta iya raba ku.

Alhaji: To ku ma ku amsa mini wannan. Mai sayen da ya karɓa ya musanta fa? Kowa a nan yana magana kamar masu saye waliyyai ne. Akwai masu yin wannan a matsayin sana'a. Babban kamfani zai shanye asarar bai ma ji ba. Ƙaramin ɗan kasuwa, ribar kaya goma ce ke tafiya a kan kaya ɗaya. Kuma diyyar da Barista ke magana, in kamfanin aike ya riga ya rubuta an kai, wallahi ba ya biyan ko sisi. Cewa zai yi shi ya gama nasa. Ka ga an bar ni a tsakiya: mai saye ya ce bai gani ba, kamfani ya ce ya kai, ni kaɗai ne ba ni da kaya ba ni da kuɗi.

Hajiya: Wannan kukan naka gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma maganinsa yana hannunka, ba ya hannuna. Kai ke iya cewa sai an sa hannu. Kai ke iya sayen inshora. Kasuwar intanet ta Amazon ma kan aika wa mai saye lambar sirri a kan wasu kaya masu tsada, direba ba zai miƙa ba sai an karanta masa ita. Ka ɗora kuɗin a kan farashi, in na ga dama in saya. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ka yi tsimin kuɗin aike, in ta ɓaci kuma ka ce ni zan biya.

Alhaji: In na ɗora, ki tafi wurin wanda bai ɗora ba. Kowa arha yake bi.

Yaya Babba: Nan kam Alhaji bai yi ƙarya ba.

Injiniya: Kuna ta jayayya a kan wa ke da gaskiya, alhali ni abin da na lura shi ne masu saye da yawa ba a kan hujja suke faɗuwa ba, a kan lokaci ne. Kowace kariya tana da wa'adi. eBay kwana 30 ne daga ranar ƙarshe da aka ƙiyasta kaya zai iso, kuma in ka buɗe ƙorafi mai sayarwa na da kwana 3 na aiki ya amsa kafin ka ce su shigo. Amazon, ga kayan 'yan kasuwar da ke sayarwa a shafinsu, kwana 90 ne daga ranar ƙarshe ta ƙiyasin, bayan ka tuntuɓi mai sayarwa ka jira awa 48. PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, kwana 180 daga ranar biya, amma akwai wani tarko a ciki: in ka buɗe ƙorafi ba ka ɗaga shi zuwa cikakkiyar ƙara cikin kwana 20 ba, rufe kansa yake yi, kuma ba a cika sake buɗewa ba. Mai sayarwa mai wayo ya san duk wannan. Shi ya sa za ka ji "yi haƙuri yana hanya", "rufe ƙorafin in sake turo maka wani", har wa'adi ya wuce.

Hajiya: Haka aka yi mini a wata kasuwa. Magana mai daɗi, ban haƙuri kullum, har da alkawarin ƙara mini wani abu kyauta. Ranar da wa'adi ya cika, ranar ya daina amsawa.

Injiniya: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Abu biyu kuma da ke kashe kariya tun kafin a fara. Na farko biya a wajen kasuwa don an rage maka wani abu, ko tura kuɗi ta hanyar 'yan'uwa da abokai a PayPal, wadda ba ta da kariyar mai saye ko kaɗan. Na biyu danna maɓallin "na karɓa" kafin kaya ya zo. Asalin tsarin nan riƙon amana ne. Haka tsarin biyan kuɗi na Alipay ya faro a kasuwar intanet ta Taobao a 2003, lokacin da mutane a China ke tsoron tura wa baƙo kuɗi: kasuwa ta riƙe kuɗin, sai mai saye ya tabbatar ya karɓa sannan a sakar wa mai sayarwa. In ka danna da wuri don an roƙe ka, da hannunka ka kwance amanar.

Auta: In kasuwa ta yanke ta ba mai sayarwa gaskiya, shi ke nan an gama?

Barista: Da saura, in da kati ka biya. Bankinka na iya janyo kuɗin ta tsarin Visa ko Mastercard, galibi cikin kwana 120. A Amurka wata doka ta 1974 ta ba mai katin bashi kwana 60 daga aiko masa da takardar lissafi ya ƙalubalanci kuɗin kayan da ba a kawo ba. A Birtaniya sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ya ɗora wa mai bayar da katin alhaki tare da ɗan kasuwa, in kayan ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba. Sai dai kada ka bi hanya biyu a lokaci guda. Da zarar ka kai ƙara banki, eBay da PayPal kan rufe tasu. Kuma banki ma zai nemi mai sayarwa ya kawo hujjarsa, ba a take ake ba ka ba.

Alhaji: Kun ji ko? Mai saye ƙofa uku gare shi: kasuwa, banki, kotu. Ni ƙofa ɗaya, ita ma a rufe. To ga tambaya ta ƙarshe, Barista. Mutum ya rubuta wa kamfanin aike da kansa, in ba na nan ku ajiye bayan ƙofa, ko ku ba maƙwabcina wane. Aka yi yadda ya ce, kaya ya ɓace. Shi ma ni ne?

Barista: In shi ya ambaci maƙwabcin, a dokar da na kawo kaya ya shiga hannun wanda ya wakilta, ka fita. In shi ya zaɓi wurin ajiya, nan ma hujjarka ta yi ƙarfi ƙwarai. Amma in direba ne ya ga dama ya ajiye ba tare da an ce masa ba, yana nan a wuyanka.

Alhaji: Alhamdu lillahi, ko ba komai na samu ɗaya.

Hajiya: Ka samu ɗaya a inda mai saye ya yi zaɓi da kansa. Maganar da ka fara da ita kuwa, cewa rubutun manhaja kaɗai ya wanke ka, ita ce ban ji wanda ya tsaya mata ba.

Alhaji: eBay ta tsaya mata.

Yaya Babba: Alhaji, wanda ya ce maka bai ga kayan ba, kada ka tsaya musu da shi a kan shafin bibiya. Kai ne mai rasit, ka kira kamfanin ka nemi su duba wurin da na'urar direba take a lokacin da ya danna an kai. Kamfanoni da yawa suna ajiye wannan bayanin, sai dai ba sa nuna shi a shafi. In ya faɗa a ƙofar mutumin, ka samu abin riƙewa. In ya faɗa a wani layin, ka samu hujjar neman diyya daga gare su. Kada dai ka bari ya kwana biyu, tun direban bai manta ba.