Yadda za a karanta Littafin Firistoci ba tare da gajiya ba

A nazarinmu na Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba wata 'yar'uwa ta ce duk shekara sai ta kai Littafin Firistoci karatunta ya tsaya cik, zancen jini da kitsen hadayu ya ishe ta. Ga abin da na tsinta daga shawarwarin da aka ba ta.

Baba dattijonmu ya ce ta fara da sura 16, Ranar Kafara, ta buɗe littafin Ibraniyawa sura 9 da 10 a gefe. Sau ɗaya a shekara babban firist yake shiga Wuri Mafi Tsarki, wato ɗaki na can ciki a alfarwar sujada, kuma sai ya yanka bijimi domin zunubin kansa tukuna. Sannan a kawo bunsuru biyu, a jefa ƙuri'a: ɗaya a yanka, ɗayan kuwa babban firist ya ɗora masa hannuwansa biyu, ya furta laifofin jama'a, a kora shi jeji. Ibraniyawa ta ce firistoci a tsaye suke kullum suna maimaita hadaya, Almasihu kuwa ya miƙa kansa sau ɗaya tak, ya zauna. Wannan zaman ne ya fi taɓa ni.

Wani malami ya ja kunne kada a ƙaƙaba wa kowace ƙoda da kitse ma'anar ɓoye. Na yarda da shi, mukan wuce gona da iri.

Mama shugabar zumunta ta nuna mana Firistoci sura 5: wanda bai da halin tunkiya ko akuya domin hadayar zunubi ya kawo kurciya biyu, in ma babu, garin alkama ya wadatar. Maryamu ma hadayar tsuntsaye biyu ta kai Haikali bayan haihuwar Yesu, Luka 2:24.