Shawarwari ga ɗalibin lissafi mai gogewa a manhajojin ɓoye saƙo

An tattauna batun wani ɗalibi da yake digirin digirgir a lissafi, kuma kafin nan ya jima yana ba da gudummawa a manhajojin ɓoye saƙo waɗanda kowa ke iya duba rubutunsu ya gyara. Damuwarsa ita ce kada wannan aikin ya tafi a banza.

Shawarar da ta fi rinjaye ita ce ya zaɓi bincike inda lissafin da rubutun manhaja suka haɗu, musamman ɓoye saƙon da kwamfutar kwantum (sabon nau'in kwamfuta mai aiki da dokokin kimiyyar ƙwayoyin zarra) ba za ta iya karyawa ba. An tuna masa cewa tun 1994 Peter Shor ya nuna irin wannan kwamfuta za ta iya rushe tsarin ɓoye saƙo na RSA, kuma a watan Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka mai tsara ma'aunan fasaha ta fitar da sababbin ƙa'idoji, ciki har da ML-KEM, tsarin ɓoye saƙo da aka ƙera don jure wa irin wannan kwamfuta, waɗanda har yanzu suke buƙatar masu fahimtar hujjar lissafinsu da kuma aiwatar da su.

Abin da ya fi burge ni shi ne misalin Heartbleed, kuskuren da aka gano a 2014 a manhajar ɓoye saƙo ta OpenSSL. Lissafin OpenSSL bai sami tangarɗa ba. An dai manta a tantance tsawon saƙon da aka turo, sai manhajar ta riƙa fallasa abin da ke ajiye cikinta. Wanda ya taɓa farautar irin wannan kuskure da hannunsa yana da idon da littafi ba ya bayarwa.

An kuma gargaɗe shi cewa kwamitin jarrabawa zai auna sabon sakamakon lissafi ne, don haka ya daidaita da malamin da ke duba aikinsa tun farko kan yawan lokacin da zai ba manhajar.