Injin yanke ciyawa na ta rawa tunda aka wasa wuƙarsa

Mai_Lambu:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin inji ku taimaka min. Ni ke kula da lambun wani gida a Bompai, tunda damina ta zauna wuƙar injin ta dakushe, yagar ciyawar take ba yanka ba, bayan kwana biyu sai ka ga bakin ciyawar ya bushe ya yi ja. Na cire na kai wa mai walda ya wasa min da giranda, kaifi kam ta yi amma tunda na mayar injin ke rawa har hannuna na karkarwa. Wlh hankalina ya tashi sbd amana ce, ba nawa ba ne.

Bakanike_KofarRuwa:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka sake tada shi tukuna. Mutumin naka ya ci gefe ɗaya fiye da ɗaya ne shi ya sa ta rinjaya, kuma abu ne mai juyawa wajen sau 3000 a minti ɗaya, ɗan bambancin nan in ka ci gaba sai ya ci maka boris ya kwance notina, gyaran ya fi kuɗin wuƙar nesa. Ka kafa ƙusa a bango ka rataya ta ta ramin tsakiya, a kwance. Gefen da ya sauka ƙasa shi ke da nauyi, sai ka rage shi da magagari kaɗan kaɗan kana gwadawa har ta tsaya daidai. Ka bi asalin karkatar bakin, wajen digiri 30 ne, kuma ba sai ta zama reza ba, tsakuwa ɗaya za ta karya bakin.

Baba_Nasarawa:
Yaro ka fara zare wayar filogi kafin ka kai hannu ƙasan injin nan, ka ji ko. In za ka kwantar da shi kabureta ta kalli sama, in ba haka ba baƙin mai zai gangara cikin filtar iska. Ka kankare busasshiyar ciyawar da ta manne kafin gwajin ƙusar, ita ma nauyi ce.

Mai_Lambu:
Na gode Baba, na gode oga. Na rataya, gefe ɗaya ya faɗi sosai. To amma na ga kamar ta ɗan lanƙwashe, in kai maƙera su miƙar?

Bakanike_KofarRuwa:
A'a, lanƙwasasshiya ba a miƙar da ita, tana iya tsagewa ta fita da gudu ta illata mutum. Faɗa wa maigidan gaskiya, ka taho kasuwa da tsohuwar wuƙar a auna tsawo da ramin a samo irinta.