Jan rubutu na ɓata min fayil

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga Damagaram nake, na rubuta ɗan shirin kwamfuta da yaren Python da ke lissafin buhunan gero a shagon kawuna a Sabon Gari. Ina sa \033[31m kafin saƙon kuskure, \033[0m bayansa, kuma ja yake fitowa tas a allo.

Amma idan na kira shi daga cikin bash (wurin rubuta umarni) na tura kurakurai cikin fayil da 2> kuskure.txt, sai fayil ɗin ya cika da tarkacen [31m. Na gwada sys.stdout.isatty() don shirin ya sa launi sai in a allo yake rubutu, bai hana ba, alhali saƙonnin ta stderr (hanyar fitar kurakurai) suke fita, ba ta stdout (hanyar fitar sakamako) ba. Ko stderr ɗin ya kamata in duba? Kwana uku ke nan, kawu ma ya fara cewa mu koma littafi. Don Allah ku taimaka.