Gonar gado ta rabu, takarda ta tsufa: ta ina za a fara?

Ɗan Gangare: Assalamu alaikum. Masana, a taimaka. A ce gona ce eka 8 a wajen Bassa, jihar Filato, mai ita ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 2, mata 3. Takardar cinikin da ke hannu ta tsufa, iyakar da ta ambata ita ce "daga ɗorawa zuwa rafi". An sare ɗorawar, rafin ma ya sauya hanya. Maƙwabcin da aka ara wa gefe guda kuma ya ce nasa ne. Me ya kamata magada su fara yi?

Mai Awo: Wa alaikumus salam. Malam, kada a fara da rabo, a fara da iyaka. A tara mai unguwa, dattawan da suka san gonar da duk maƙwabta huɗu, a taka ta da ƙafa. Kututturen ɗorawa, tsohon layin ƙyarana, gamba da tsohuwar kunya duk shaida ne. Inda aka amince, safiyo mai rajista ya kafa siminti a kowace kusurwa, ya fitar da taswira mai lambobi, kowa ya sa hannu a ranar.

A kula da abu biyu. Tsofaffin takardu da eka da ƙafa suke magana, sababbi da hekta da mita, kuma hekta 1 eka 2.47 ce, don haka gonar nan hekta 3.2 ce da 'yan kai. Sannan tsofaffin taswirori a kan ma'aunin Minna, wato tsohon tsarin awon ƙasa na Najeriya, aka yi su, GPS na waya kuwa tsarin awo na duniya mai suna WGS84 yake bi. Idan ba a daidaita su ba, iyaka kan goce da mitoci masu yawa, ka ga taswirarka ta hau gonar wani. Awon waya ba hujja ba ne.

Almajirin Fiƙihu: Lissafin ba wuya, in iyayen mamacin ba sa raye kuma an biya bashi da wasiyya: matar ta ɗauki tumuni, eka 1, saura 7, kowane namiji 2, kowace mace 1. Wahalar tana ƙasa. Eka ɗaya a fadama ba ta zo ɗaya da eka ɗaya a kan tsakuwa ba, shi ya sa ake yi wa gonar kuɗi kafin a yanka. A kuma ware hanyar shiga tun farko, ko mita 3 ce, in ba haka ba na tsakiya sai ya ratsa shukar ɗan'uwansa. Wanda kasonsa ya yi ƙanƙanta gara ya sayar wa 'yan'uwa.

Batun maƙwabci: a mazhabar Malikiyya akwai hauzi, wanda ya riƙe fili shekara 10 mai shi yana gani bai yi magana ba, da'awar mai shi ta faɗi, tsakanin dangi shekara 40 ne. Amma aro, haya da jingina ba sa zama mallaka komai daɗewa. Sai dai fa a kawo shaidun aron, ko wanda ya ga ana kai wa marigayin damin godiya bayan girbi.

Hajiyar Rikkos: Ƙari kaɗan, Malam. Takardar dagaci shaida ce kawai, ba ita ce ta gwamnati ba. A Dokar Amfani da Filaye ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallaka ta gargajiya a karkara, na cikin birni kuwa gwamna. Kafin a kashe kuɗi, a je PLAGIS, hukumar bayanan filaye ta jihar Filato, a bincika ko wurin ya shiga yankin birni, a kuma bincika ko akwai tsohon lasisin haƙar kuza a kansa. Bayan rabo kowa ya nemi tasa da sunansa, da takardar rabon gado daga kotun yanki a haɗe.